Wutar lantarki daga lakar ƙarƙashin ruwa: yadda bakteriya ke samar da ita da abin da ke taƙaita ta

Idan aka samu farantin girafait guda biyu, wato irin baƙin da ke cikin fensir, aka binne ɗaya a cikin baƙar lakar gindin tafki ko bakin teku, aka rataye ɗayan a ruwan da ke sama, sannan aka haɗa su da waya, wuta za ta bi wayar. Ba a zuba sinadari ba, ba a sa batir ba. Abin da mita za ta nuna a ranar farko ba shi da yawa, amma bayan mako biyu ko uku sai ya hau ya zauna, kuma muddin ba a dami kayan ba, yana iya ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru. Wutar kaɗan ce ƙwarai. Dalilin ƙanƙantarta shi ya fi cancanta a fahimta, domin wanda ya gane shi zai san inda wannan fasaha take da amfani na gaske da inda ake ƙara mata gishiri.

Numfashi ne tushen maganar

Kowane mai rai yana samun kuzari ne ta hanyar ciro ilektaron, wato ƙananan ɓurɓushin da gudunsu a waya shi ne wutar lantarki, daga abinci ya miƙa su ga wani abu da zai karɓa. Mu iskar oksijin ce ke karɓa mana, shi ya sa muke numfashi. A cikin laka mai yawan ruɓaɓɓen ganye da matattun halittu, oksijin ba ta wuce milimita kaɗan daga sama ba, ƙwayoyin bakteriyar da ke saman sun shanye ta. Waɗanda ke ƙasa suna da abinci jingim amma ba su da inda za su sauke ilektaron, sai su koma ga sinadaran da suka samu: naitiret, sannan manganis, sannan tsatsar ƙarfe, sannan salfet. Inda duk waɗannan suka ƙare, masu yin iskar mitan ne ke karɓe fagen.

Masu numfashi da tsatsa su ne suka shafe mu. Tsatsa daskararren abu ce, ba ta narkewa balle ta shiga cikin ƙwayar bakteriya, saboda haka dole ƙwayar ta fito da ilektaron ɗinta waje ta ɗora a kan tsatsar. Tana yin haka da jerin furotin masu ɗauke da ƙarfe a cikinsu, da ake kira saitokurom, waɗanda ke miƙa wa juna ilektaron daga cikin ƙwayar har bayan fatarta. A 1987 Derek Lovley ya ware irin wannan bakteriya daga lakar kogin Potomac a Amurka, aka sa mata suna Geobacter metallireducens. A 1988 Charles Myers da Kenneth Nealson suka ba da labarin wata daga tafkin Oneida a jihar New York, wadda yanzu ake kira Shewanella oneidensis. Ita Shewanella tana kuma sakin wasu sinadarai masu narkewa da ke kai ilektaron su dawo, kamar ɗan aike. Geobacter kuwa mannewa take yi, ta gina shimfiɗa mai yauƙi da ke ɗaukar wuta, har ƙwayar da ba ta taɓa farantin ba tana iya aika nata ta jikin zaren da ke tsakaninsu. A 2005 aka bayyana waɗannan zare a matsayin wayoyi, a 2019 kuma aka nuna cewa aƙalla wasu daga cikinsu saitokurom ne da suka jeru kai da kai.

Farantin da aka binne, wanda ake kira anod, tsatsa ce a wurin waɗannan ƙwayoyi, sai dai tsatsar da ba ta ƙarewa. Duk ilektaron da suka ɗora masa waya tana kwashewa zuwa farantin sama, wato katod, inda oksijin ɗin ruwa ke karɓa ta zama ruwa. Ke nan wayar ta ba ƙwayoyin da ke can ƙasa damar yin numfashi da iskar da ba za su taɓa kaiwa gare ta ba, mu kuma muna tare wutar a hanya.

Ba sabon tunani ba ne a ciro wuta daga ƙananan halittu. Tun 1911 M. C. Potter na jami'ar Durham a Ingila ya auna ta daga yis da bakteriya. Amma binne faranti a lakar teku ya samu gindin zama ne da aikin Clare Reimers da Leonard Tender da abokan aikinsu a 2001, sannan gwajin da suka yi a bakin teku a Tuckerton ta jihar New Jersey da gaɓar Yaquina ta jihar Oregon, wanda aka wallafa a 2002.

Ya kamata a san cewa masu ɗora wutar ba su iya cin ganye ko itace. Wasu ƙwayoyi ne daban ke fara ruɓar da waɗannan su mai da su ƙananan sinadarai, musamman asitet, sinadarin da ke sa ruwan binega tsami. Ƙwayar asitet ɗaya tana ba da ilektaron 8. A ruwan daɗi dangin Geobacter ne suka fi mamaye anod, a teku kuma dangin Desulfuromonas. A teku akwai hanya ta biyu: ruwan cike yake da salfet, masu numfashi da shi suna fitar da salfayid, iskar nan mai warin baragurbi, ita kuma tana sauke ilektaron ɗinta a kan anod da kanta ba tare da taimakon kowace ƙwaya ba. Wannan kyauta ce mai biyo da matsala, za mu zo kanta.

Lissafin da ke faɗin gaskiya

A ƙa'ida, tazarar da ke tsakanin asitet da oksijin kusan bolt 1.1 ce. Ba a taɓa samun wannan a aikace. Idan ba a ɗora wa na'urar komai ba, mai kyau takan nuna bolt 0.6 zuwa 0.8. Da zarar an fara jan wuta sai ta sauka zuwa 0.3 ko 0.4, domin ƙwayoyin suna cire rabonsu don su rayu, katod yana cin nasa, ruwa da laka ma suna cin nasu. Abin da ake samu mai ɗorewa a yawancin wurare miliwat 10 zuwa 50 ne a kowace murabba'in mita ta anod. A ɗauki 20. Ƙwan fitila mai wat 10 zai buƙaci murabba'in mita 500. Batirin wayar hannu mai ɗaukar wat-awa 15 zai shafe awa 750, kusan wata guda, kafin murabba'in mita ɗaya ta cika shi, ko da ba a yi asarar komai a hanya ba. Duk wanda ya ce zai haskaka gida da laka bai yi wannan lissafi ba.

Me ya sa ta yi kaɗan haka? Ba ƙarancin bakteriya ba ne, kuma ba ƙarancin abinci a lakar gaba ɗaya ba. Miliamfiya 1 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) na tsawon yini guda asitet miligiram 7 kawai yake ci, da oksijin kusan miligiram 7, wato kwatankwacin abin da ke narke a lita ɗaya ta ruwa. Matsalar ita ce isowar abincin. Ruwan da ke cikin laka ba ya gudu. Anod yana cinye abin da ke kusa da shi cikin 'yan makonni, daga nan sai ya jira abin da zai iso ta hanyar naso, naso kuma tafiyar hawainiya yake yi, kuma idan nisan ya ninka biyu lokacin yakan ninka huɗu. Shi ya sa sabuwar na'ura takan ba da wuta mai faranta rai a farko, sannan ta sauka ta zauna a ƙasa. Adadin da ta zauna a kai shi ne nata na gaskiya. Shi ya sa kuma cusa faranti goma a wuri ɗaya ba ya ba da ninki goma, duk abinci ɗaya suke rububi. Faɗin ƙasar da aka mamaye ya fi yawan girafait ɗin da aka zuba tasiri.

Akwai taƙaitawa ta biyu da masu farawa suka fi mantawa da ita. Wuta ba ta tafiya sai ta samu hanyar dawowa. Ilektaron suna bin waya, amma dole caji ya ratsa laka da ruwa tsakanin farantan biyu, kuma narkakken gishiri ne ke ɗaukarsa. Ruwan teku yana ɗaukar wuta fiye da ruwan kogi sau ɗari ko fiye. A ɗauki faranti biyu masu faɗin santimita 10 a kan 10, da tazarar santimita 10 a tsakani. A ruwan teku turjiyar ruwan, wato yadda yake tare wa wuta hanya, kusan om 2 ce. A ruwan daɗi mai matsakaicin gishiri tana iya haura om 300, kafin ma a ƙara ta laka. Ke nan jan miliamfiya 1 kawai zai cinye kusan bolt 0.3 a cikin ruwa, rabin abin da ake da shi. Saboda haka a ruwan daɗi kusantar da farantan biyu ya fi kusan kowace dabara muhimmanci.

Haɗa ta a bokiti

Bokitin roba mai lita 20 ya isa, kada ya zama na ƙarfe. A ɗebo laka daga ƙasa da santimita 10 na sama, baƙa ko toka-toka mai laushi, ba rairayi ba, a rufe ta da ruwan wurin don kada iska ta shige ta. A tsince duwatsu, tsutsotsi da guntayen ƙarfe. A ɗebo ruwan wurin ma, domin ruwan famfo mai kulorin yana kashe ƙwayoyin. A sa safar hannu, a yi aikin inda iska ke kaɗawa, saboda salfayid guba ce idan ta taru.

Kayan faranti shi ne girafait, ko kyallen kabon, ko soson kabon mai kauri. Soson ya fi ba ƙwayoyi wurin zama. A jiƙa shi sosai a matse kumfar iska kafin a binne. A shimfiɗa laka santimita 3 a gindi, a kwantar da anod, a rufe shi da wata lakar santimita 5 zuwa 8, a bubbuga bokitin don iskar da ta maƙale ta fita. Sannan a zuba ruwa santimita 5 zuwa 10 a hankali, a kan farantin cin abinci ko tafin hannu, kada ya tayar da lakar. Katod ya tsaya kusa da saman ruwa, ya fi anod girma, ninki biyu ba laifi, kuma kada ya taɓa laka ko kaɗan. Idan gefensa ɗaya yana leƙen iska ya fi kyau.

Wurin haɗa waya da faranti shi ne inda yawancin na'urori ke mutuwa. Wayar taitaniyam ce ta dace, a saƙa ta cikin soson kamar ɗinki, a ja ta ta kama sosai. Idan sai jan ƙarfe ake da shi, to a rufe mahaɗar ruf da gam ɗin efoksi mai jure ruwa, ba tare da barin ko tsinin allura a waje ba. Jan ƙarfen da ya taɓa laka yana ruɓewa, yana sa wa ƙwayoyin guba, kuma mafi muni yana haifar da wutar ƙarya: ƙarfe ne ke narkewa kamar a batir, mita tana nuna adadi mai kyau, mai aikin yana murna da abin da ba bakteriya suka yi ba. Alamarta ita ce wuta mai ƙarfi tun minti na farko. Kafin a binne, a auna turjiya daga ƙarshen waya zuwa gefen faranti mafi nisa, kada ta wuce om 'yan kaɗan. Wayar anod kuma ta kasance da rufinta duk tsawon inda ta ratsa ruwa, in ba haka ba ilektaron za su zube ga oksijin tun kafin su fito.

A bar wayoyin biyu a rabe kwana biyu ko uku har bolt ya daina hawa, sannan a haɗa su ta rizisto, ɗan abin da ke taƙaita gudun wuta, mai om 1,000. Wannan mataki ba na ado ba ne. Ƙwayoyin ba za su taru a kan anod ba sai yana karɓar ilektaron, wanda aka bari a rabe kuwa ba ya karɓar komai. Rizisto mai ƙanƙanta da yawa tun farko shi ma yana durƙusar da na'urar kafin ta yi ƙarfi. A riƙa rubuta bolt kullum a lokaci ɗaya. Idan ya zauna a 0.4 a kan om 1,000, wutar miliamfiya 0.4 ce, ƙarfinta miliwat 0.16, domin ana ninka bolt da kansa ne a raba da om.

Don gano nauyin da ya fi dacewa da ita, a gwada om 10,000, 5,000, 1,000, 500, 200 da 100 ɗaya bayan ɗaya, a lissafa ƙarfin kowanne. A nan gaggawa tana yaudara. Shimfiɗar ƙwayoyin da farantin suna ajiye caji, kuma a mintunan farko ajiyar ce ke fita. A ba kowane mataki awoyi, in da hali yini guda. Wanda yake son tabbaci kuma ya haɗa bokiti na biyu da lakar da aka dafa sosai, ya kwatanta su.

Abin da ke lalacewa bayan an ɗan jima

Idan wuta ta faɗi farat ɗaya, a fara duba mahaɗar waya, sannan a duba ko katod ya nutse ya kwanta a laka, ko ruwa ya ƙafe. Ruwan da ya ƙafe a mayar da shi da ruwa marar gishiri, domin gishirin bai tafi ba. A fili kuwa kaguwa da tsutsotsi suna haƙa ramuka su kai oksijin har kan anod, igiyar ruwa ma tana tone shi.

Faɗuwa a hankali ta fi wuyar ganewa. A teku, salfayid ɗin nan da ta sauke ilektaron kyauta takan koma farar wuta ta manne a kan anod, farar wuta kuwa ba ta ɗaukar lantarki, sai farantin ya toshe sannu a hankali. Akwai ƙwayoyin dangin Desulfobulbus da ke iya cinye ta su mai da ita salfet, amma ba kullum suke cim mata ba. Ƙari a kan haka, aikin anod yana sa kewayensa tsami, tsami kuma yana raunana masu ɗora wutar. A wajen katod akasin haka ne ke faruwa: tsamin ruwan da ke jikinsa yana raguwa, sai farin ɓawo mai kama da alli ya fito ya rufe shi. Yauƙin da ke taruwa a kan katod fuska biyu gare shi. Siririn yakan taimaka, domin wasu ƙwayoyin suna hanzarta karɓar ilektaron da oksijin ke yi, abin da girafait tsura ba ya yi da kyau. Mai kauri kuwa yana shanye oksijin kafin ta isa. Shafa wa katod filatinam yana ba da sakamako mai kyau a ɗakin gwaji, amma salfayid tana kashe shi, ga tsada.

Zafi da sanyi ma suna wasa da ita. Sanyi yana rage kuzarin ƙwayoyin, zafi kuma yana rage oksijin a ruwa, daga kusan miligiram 14 a lita a ruwa mai shirin daskarewa zuwa kusan 8 a digiri 25. A tafki mai gansakuka, oksijin takan hau da rana ta sauka da dare, wutar tana bin ta.

An gwada dabaru don magance yunwar anod. Ana cuɗa lakar da ɓawon jatan lande ko kayan tsiro masu ruɓewa a hankali, ana kifa akwati a kan laka a sa anod a ciki yadda cikar teku da janyewarta za su riƙa tura ruwan laka ta cikinsa, an kuma kai na'urar wuraren da ruwa mai salfayid da mitan ke ɓulɓulowa da kansa daga gindin teku, kamar kwarin Monterey a gaɓar Kaliforniya. Sukari dai ba dabara ba ce: yana ruɓewa da sauri, ya tsamama lakar, ya ciyar da masu gasa.

Daga bolt 0.4 zuwa aiki

Ƙananan na'urorin lantarki sukan so bolt 3 ko sama. Dabarar da ke fara zuwa wa mutum ita ce ya jera na'urori kai da gindi kamar batiran tocila. A ruwa ɗaya wannan ba ya yiwuwa, domin ruwan ya riga ya haɗa su duka, wutar za ta zagaye ta cikinsa. Ko a bokitai daban-daban, wadda ta fi rauni takan juye, ta koma tana cin wutar sauran, ƙwayoyinta kuma su lalace.

Abin da ake yi shi ne tarawa. Ana sa ɗan da'irar lantarki mai ɗaga bolt, irin LTC3108 da ke iya tashi daga milibolt 20 ko BQ25504 da ke iya riƙe na'urar a bolt ɗin da aka zaɓa mata, ta riƙa cika babban kafasito, wato ma'ajiyar caji, ɗigo-ɗigo. Riƙewar nan tana da muhimmanci, domin da'irar da ke zuƙa ba ƙaƙƙautawa tana janyo bolt ƙasa da inda na'urar ta fi ba da ƙarfi. Kafasito mai farad 1 a bolt 3.3 yana ɗaukar jul 5.4. Bokitin nan mai miliwat 0.16 zai cika shi cikin awa 9 da rabi, ko kusan 19 idan rabi ya salwanta wajen ɗagawa. Wannan ya isa ma'aunin zafi ya farka, ya auna, ya aika saƙo ta rediyo, ya koma barci.

Nan ne fasahar ta dace. A 2008 Tender da abokan aikinsa na ɗakin binciken rundunar sojan ruwan Amurka suka ba da rahoton na'urar auna yanayi mai iyo a ruwa, mai cin kusan miliwat 18, da aka ciyar da wutar laka. Samfurinsu na farko na na'urar lakar ya kai kilogiram 230 yana ba da miliwat 24, na biyu kilogiram 16 kawai yana ba da 36, kwatankwacin manyan batira 26 a shekara. A gindin teku, inda rana ba ta isa kuma canza batir sai an tayar da jirgi da masu ninƙaya, wannan adadi ba abin rainawa ba ne.

Wani lokaci ma ba wutar ake nema ba. Anod da ke karɓar ilektaron ba ƙarewa yana hanzarta ruɓewar gurɓataccen mai a laka, yana rage salfayid, yana kuma janye abinci daga bakin masu yin mitan. Ita kanta wutar ma'auni ce: idan ta canja ba zato, wani abu ya canja a ruwan ko a lakar.

Laka kuma ta riga mu yin wayar. A 2010 Lars Peter Nielsen da abokan aikinsa a jami'ar Aarhus ta Denmak suka lura cewa wuta tana gudana a cikin lakar teku ba tare da an binne komai ba. A 2012 aka gano mai yin ta: bakteriya mai siffar zare, dubban ƙwayoyi a jere, tsawonta ya kai santimita, gindinta yana cin salfayid a ƙasa, kanta yana miƙa ilektaron ga oksijin a sama. An kuma same ta a kan anod na irin waɗannan na'urori da aka binne a teku. Inda ta yi yawa, salfayid ɗin da ke santimitocin sama takan ƙare, wanda hakan ƙarin dalili ne na sauke anod ƙasa da inda zarenta ke kaiwa.